Motocin lantarki na hannu sun yi araha a Turai: lissafin da mai saye zai yi kafin ya biya

A tsakiyar watan Janairun 2023, kamfanin Tesla ya zaftare farashin motocinsa a Amurka da Turai cikin dare ɗaya. A Faransa, Model 3 mafi sauƙin kuɗi ta sauko daga yuro 53,490 zuwa 44,990. Bambancin yuro 8,500 ne, wato sama da sefa miliyan biyar da rabi. Duk wanda ya sayi wannan mota a watan Disamba ya wayi gari ya tarar darajar tasa ta ragu da kusan wannan adadi, alhali ko tayoyinta ba su fara cinyewa ba.

Tun daga lokacin kasuwar motocin lantarki na hannu a Turai da Amurka ba ta koma yadda take ba. Motocin da aka saya da tsada shekara uku ko huɗu da suka wuce, da yawansu yanzu ana sayar da su rabin kuɗinsu, wasu ma ƙasa da haka. Lamarin ya shafi yankin nan, domin abin da Turai ta gama hawa shi ke sauka a tashoshin jiragen ruwa na Kwatano da Lome. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufa.

Ke nan nan gaba kaɗan dillalai za su riƙa tallata waɗannan motoci da farashi mai jan hankali. To sai dai kuɗin da aka yi wa motar lantarki ba ya bayyana ainihin darajarta. Abubuwa biyu ke bayyana ta, kuma dukansu ana iya auna su da na'ura: ƙarfin da ya rage wa batirinta, da kuɗin wutar da za ta riƙa sha a gidan mai ita.

Mene ne faɗuwar daraja?

Faɗuwar daraja ita ce tazarar da ke tsakanin kuɗin da mutum ya sayi mota da kuɗin da zai samu ranar da ya sayar da ita. Ba a biyanta a gidan mai ko a gareji, shi ya sa mutane da yawa ba sa saka ta cikin lissafi. A ɗauki misalin wanda ya sayi mota sefa miliyan 20, ya sayar da ita miliyan 11 bayan shekara uku. Ya yi asarar miliyan 9 cikin wata 36, wato jaka 250 kowane wata, ko ya hau motar ko tana ajiye cikin gida. Ga sabuwar mota, wannan asara takan zarce kuɗin mai da na inshora da na gyara.

Kowace mota tana faɗuwa. Abin da ya bambanta ta lantarki a ƴan shekarun nan shi ne saurin faɗuwar, kuma mafi yawan dalilan ba su da alaƙa da lalacewar motar kanta.

Dalilan da suka karya farashin

Dalili na farko shi ne kuɗin batir, wanda shi ne abu mafi tsada a jikin motar. Ana auna girman batir da kilowat-awa, wato wutar da na'ura mai ƙarfin kilowat ɗaya ke sha cikin awa ɗaya. Ƙididdigar cibiyar BloombergNEF ta nuna cewa a 2010 kowane kilowat-awa na batir ya haura dala 1,000. A 2023 ya sauko zuwa dala 139, a 2024 kuma dala 115. Shi ma sinadarin litiyam da ake haɗa batir da shi, a Nuwamban 2022 tan ɗaya ya kusa kaiwa yuwan 600,000 a kasuwar China, amma kafin ƙarshen 2023 ya faɗo zuwa kusan yuwan 100,000. Duk lokacin da sabuwar mota ta sauko, dole ta hannu ta sauko ƙasa da ita, domin babu mai sayen tsohuwa a kuɗin sabuwa.

Na biyu shi ne gasa daga China. Hukumar makamashi ta duniya ta ce a 2024 an sayar da motocin lantarki sama da miliyan 17 a duniya, fiye da mota ɗaya cikin kowace biyar da aka sayar, kuma a China kusan rabin sababbin motoci na lantarki ne. A can kamfanin BYD ya sayar da ƙaramar motarsa Seagull a kan yuwan 69,800 a 2024, abin da bai kai dala 10,000 ba. A Oktoban 2024 Tarayyar Turai ta ƙara wa motocin China haraji a kan kashi 10 da ake karɓa tun da: kashi 17 ga BYD, har zuwa kashi 35.3 ga SAIC mai ƙera MG. Duk da haka gasar ta tilasta wa kamfanonin Turai fito da motoci masu sauƙin kuɗi.

Na uku shi ne tallafin gwamnatoci. A 2023 Faransa na ba mai sayen sabuwar motar lantarki tallafin yuro 5,000, matuƙar kuɗinta bai wuce yuro 47,000 ba. Ragin da Tesla ya yi ya shigar da Model 3 ƙarƙashin wannan iyaka, sai sabon mai saye ya samu ragi biyu a lokaci guda. Mai sayar da ta hannu kuwa dole ya cire wannan tallafi daga farashinsa, in ba haka ba mai saye ya wuce shagon sababbi. Tallafin kuma ba shi da tabbas. Jamus ta dakatar da nata kwatsam a watan Disamban 2023, kuma a shekarar da ta biyo baya cinikin sababbin motocin lantarki a ƙasar ya ragu da sama da kashi ɗaya cikin huɗu.

Na huɗu shi ne saurin sauyin fasaha. Renault Zoe ta fara fitowa da batir mai kilowat-awa 22. A 2016 aka mayar da shi 41, a 2019 kuma 52. Cikin shekaru ƙalilan mota mai suna ɗaya ta ninka nisan da take yi fiye da sau biyu, sai ta farko ta zama kamar tsohuwar wayar hannu.

Na biyar shi ne tsoro. Mai sayen motar fetur yana iya buɗe gabanta, ya saurari ƙarar inji, ya duba hayaƙi, ya zo da bakanikensa. Batir kuwa a rufe yake ƙarƙashin mota, ba ya ƙara, ba ya hayaƙi. Wanda bai san yanayinsa ba yakan ɗauka cinikin biri a sama ne, sai ya taya da arha don gudun asara.

Abin da ya faru da Hertz

Ba ɗaiɗaikun mutane kaɗai lamarin ya taɓa ba. A Oktoban 2021 kamfanin ba da hayar motoci na Amurka, Hertz, ya sanar da shirin sayen motocin Tesla 100,000. Ribar irin wannan kamfani ta dogara ne kan kuɗin da zai sayar da mota bayan ya yi aiki da ita shekara ɗaya ko biyu. Da farashin sababbi ya faɗi, sai darajar motocin da ke hannunsa ta bi baya. A Janairun 2024 ya ce zai sayar da motocin lantarki kusan 20,000, kimanin kashi ɗaya cikin uku na waɗanda ya mallaka, yana mai kafa hujja da faɗuwar daraja da tsadar gyara bayan haɗari. Ya rubuta asarar dala miliyan 245, kuma bayan wata biyu shugaban kamfanin, Stephen Scherr, ya sauka daga muƙaminsa. Zuba motoci masu yawa haka a kasuwa lokaci guda ya ƙara danne farashin na hannu.

Asarar mai saye na farko dai riba ce ga na biyu, matuƙar batirin na da lafiya.

Yadda batir ke tsufa

Batir ba ya mutuwa rana ɗaya, ƙarfinsa ne ke raguwa sannu a hankali. Kamfanin Geotab, mai bibiyar dubban motoci ta na'ura, ya bayyana a 2024 cewa matsakaicin raguwar ya kai kashi 1.8 cikin ɗari a shekara. Yawancin masu ƙera motoci suna ba da garanti na shekara takwas ko kilomita 160,000, da alƙawarin gyara ko sauya batirin idan ƙarfinsa ya sauko ƙasa da kimanin kashi 70. Wannan garanti kuwa yana aiki ne inda kamfanin ke da wakilin da zai iya buɗe batir, abin da mai saye a Maraɗi ko Damagaram ya kamata ya tabbatar tun kafin ya biya.

Abubuwa uku ke gaggauta tsufan batir: zafi, yawan cajin gaggawa, da barin mota a cike maƙil ko a ƙare ƙaf na tsawon lokaci. Zafi shi ne babban abin dubawa a Sahel. Nissan Leaf, wadda ta fito a 2010 da batir mai kilowat-awa 24, ba ta da tsarin sanyaya batir da ruwa. A 2012 masu ita a birnin Phoenix na jihar Arizona, inda zafi ke wuce digiri 40, sun yi ƙorafin cewa batiransu na rasa ƙarfi cikin shekara ɗaya ko biyu. Irin wannan zafi shi ne abin da Yamai ke gani kowace shekara a Afrilu da Mayu. Motar da ake sanyaya batirinta da ruwa ta fi jure wannan yanayi. Haka ma nau'in batirin da ake kira LFP, wanda BYD ke yawan amfani da shi, ya fi jure yawan caji da cikawa zuwa ɗari bisa ɗari, ko da yake yana ɗaukar wuta kaɗan idan aka kwatanta nauyinsa da na sauran.

Ana auna lafiyar batir da wani adadi da ake rubutawa SoH a takardun gwaji, wato kason ƙarfin da ya rage idan aka kwatanta da ranar da yake sabo. Batir mai kilowat-awa 50 da ya sauko zuwa kashi 80 ya zama mai 40 ke nan, nisan tafiyarsa ya ragu da kashi ɗaya cikin biyar. Ana karanta adadin da ƙaramar na'ura da ake cusawa a ramin gwajin da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda kanikawa ke kira OBD, a haɗa ta da manhajar waya kamar LeafSpy ga Leaf ko CanZE ga Zoe. Ita Leaf ma tana nuna layuka 12 a allon gabanta, kuma layin farko yakan ɓace ne idan batirin ya rasa kusan kashi 15.

Akwai wani tarko na musamman game da Zoe. Shekaru da dama Renault ya riƙa sayar da motar ba tare da batir ba, mai ita yana biyan hayar batirin kowane wata. Zoe ta hannu mai arha ƙwarai tana iya kasancewa batirinta har yanzu mallakar kamfanin ne, don haka sai an ga takardar da ta nuna an saye shi.

Rabin lissafin yana cikin gida

Yawancin masu motar lantarki a Turai a gida suke caji, kuma wannan ne ya haɗa motar da batun auna wutar gida da sarrafa kayan gida ta na'ura. A Faransa kamfanin Enedis ya fara girka mitar zamani mai suna Linky a ƙarshen 2015, ya kuma girka kusan miliyan 35. Mitar na aika bayanin wutar da aka sha kai tsaye, kuma mai gida na iya ganin abin da ya sha kowace rabin awa.

Amfanin wannan shi ne wuta ba farashi ɗaya take ba a kowane lokaci. Mai gida na iya zaɓar tsarin da ke ba shi awa takwas masu rangwame a kowace rana, galibi da dare. Akwai kuma tsarin Tempo na kamfanin EDF, wanda ya kasa shekara gida uku: ranaku 300 masu arha, 43 matsakaita, da 22 masu tsada a lokacin sanyi, inda kuɗin wuta da rana ke ninkawa sau da yawa. Daga Nuwamban 2025 an fara mayar da wani ɓangare na awoyin rangwamen zuwa tsakar rana, saboda yawan wutar da farantan sola ke samarwa a lokacin.

Ba wanda zai riƙa tashi da tsakar dare don jona mota, sai aka bar wa na'ura aikin. Mafi sauƙinsa tsoho ne: wani makunni da ke kunna tukunyar ruwan zafi idan awoyin rangwame suka shiga, ya kashe ta idan suka ƙare. Na zamani kuwa soket ne ko akwatin caji da ake saita wa lokaci daga waya. Masu son zurfafawa suna amfani da Home Assistant, manhaja ce ta kyauta da aka fara a 2013, wadda ke tattara bayanan mita da na sola da na mota a allo ɗaya, ta kuma yanke wanda za a kunna da wanda zai jira.

Aiki na biyu da na'urar ke yi shi ne kare gida daga ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsa. Soket na gida yana ba mota kimanin kilowat 2.3, don haka cika batir mai kilowat-awa 50 daga ƙasa zai ɗauki sama da awa 20. Akwatin caji na bango yana ba da kilowat 7.4, ya gama cikin kusan awa bakwai, amma shi kaɗai ya fi ƙarfin da gidaje da yawa suka yi rajista da shi. Maganin shi ne wata ƙaramar na'ura mai kama da awartaki da ake maƙala wa babbar wayar da ta shigo gida. Tana auna abin da gidan ke ja, idan aka kunna dutsen guga ko na'urar sanyaya ɗaki sai ta umarci motar ta rage, idan aka kashe ta ƙara.

Lissafin a Sahel

A nan yankin mita mai kati ta riga ta koya wa magidanta kallon wutar da suke sha. Abin da ba ta nunawa shi ne wace na'ura ce ke cinye ta, kuma da wane lokaci. Irin wancan ma'auni mai kama da awartaki, ko soket mai nuna kilowat-awa, yana ba da wannan amsa cikin mako guda, ko da babu maganar mota.

Ga lissafin mota kuwa, ƙaramar motar lantarki na shan kilowat-awa 15 zuwa 20 a kowane kilomita 100. Wanda ke yin kilomita 40 a rana zai buƙaci kimanin 7, idan aka haɗa da abin da ke ɓata wajen caji ya zama kusan 8. Motar fetur mai shan lita 7 a kilomita 100 za ta sha lita 2.8 a wannan tafiya. A farashin sefa 499 da gwamnatin Nijar ta tsayar wa litar fetur a Yulin 2024, kuɗin ya kama kusan sefa 1,400. Idan aka raba 1,400 gida takwas za a samu 175. Ma'ana, duk wanda kilowat-awa ɗaya ke kama masa ƙasa da sefa 175 yana cin riba da lantarki, wanda ya fi haka kuma fetur ya fi masa arha.

Abubuwa uku ke iya sauya wannan sakamako. Na farko, kilowat-awa 8 a rana ya zama 240 a wata, kuma a inda kuɗin wuta ke hawa mataki-mataki, wannan ƙari zai faɗa ne kan mataki mafi tsada. Na biyu, ɗaukewar wuta. A Agustan 2023, da Najeriya ta katse layin da ke ba Nijar kusan kashi 70 na wutarta, birane sun sha duhu na awoyi masu yawa, kafin tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 ta fara aiki a ƙarshen shekarar ta rage raɗaɗin. Wanda ya koma caji da ƙaramin janareta ya ɓata lissafi gaba ɗaya, domin irin wannan inji na ƙona rabin lita ko fiye kafin ya ba da kilowat-awa ɗaya. Kilowat-awa 8 zai ci lita 4, fiye da abin da motar fetur za ta sha a tafiyar. Na uku, wayoyin gida. Jan kilowat 2 na awoyi a jere yana ɗumama siririyar waya da soket mai arha, don haka sai mai aikin wuta ya ja wa motar layinta daban.

Inda yankin ke da rinjaye a kan Turai shi ne rana. Farantan sola masu ƙarfin kilowat ɗaya na ba da kilowat-awa huɗu zuwa biyar a rana a Sahel, ke nan kilowat biyu sun isa tafiyar kilomita 40. Sharaɗin shi ne motar ta kasance a jone da rana, a gida ko a wurin aiki, kuma a ƙarƙashin inuwa. A nan ne na'urar sarrafawa ke da amfani, domin tana tura wa motar rarar wutar da firji da fanka suka bari kawai.

Wasu ƙasashen sun bi wata hanya. Habasha, mai dogaro da wutar madatsun ruwa, ta haramta shigo da ƙananan motocin fetur da gas a farkon 2024. A Benin da Togo kamfanin Spiro na ba da baburan lantarki, ɗan acaɓa ya kawo batirin da ya ƙare a musanya masa da cikakke. A wannan tsari tsufan batir na kan kamfani ne, mai babur yana biyan kuɗin musanya kawai.

Abin da ke tafe

A farkon 2024 Faransa ta buɗe shirin ba masu ƙaramin ƙarfi hayar motar lantarki a kan kimanin yuro 100 a wata, ta kuma rufe zagayen farko cikin makonni shida bayan an karɓi buƙatu 50,000. Yarjejeniyar ta aƙalla shekara uku ce, don haka daga 2027 waɗannan motoci za su fara dawowa kasuwar na hannu. A Fabrairun 2027 ne kuma dokar Tarayyar Turai za ta wajabta wa kowane sabon batirin mota takardar shaida ta intanet mai ɗauke da bayanansa. Motocin da aka ƙera kafin nan ba su da ita, kuma su ne za su fara isowa.

Hausawa na cewa araha ba ta ado. Kafin ciniki ya faɗa, mai saye na buƙatar takardar gwajin batir mai kwanan wata na kusa, da shaidar cewa batirin na motar ne, da sanin ko ana sanyaya shi da ruwa, da sunan garejin da zai iya taɓa shi a garinsu. Sai kuma mako guda na auna wutar gidansa, ya san abin da yake ja a lokacin da komai ke kunne, da kuɗin da kilowat-awa 240 na ƙari za su kama masa a wata. Dillalin da ya ƙi yarda a jona na'urar gwaji a jikin motarsa, sai a taya ta da farashin motar da batirinta ya gaji.